Don Allah ku ba ni shawara: zan gina ɗaki biyu da gorunan roba da tsohon kwano, iyalina ta ce ba za ta shiga ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin iyalina a wannan zaure.

Ni malamin firamare ne a nan Kaduna. Ina da mata ɗaya da yara huɗu, ga mahaifiyata da ke hannuna tun rasuwar mahaifinmu. Ciki da falo muke haya a Tudun Wada, Hajiya tana kwana a falo da yara mata. Dattijon da ya ba mu hayar, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tsaya mini a ƙofa don kuɗi ba. In albashi ya makara sai in je in gaishe shi in yi masa bayani, ya ce Malam je ka, Allah ya hore. Lokacin da aka kwantar da babbar 'yata a asibiti, shi ya ranta mini kuɗin magani, bai kuma tambaye ni ba sai da na kai masa da kaina. Bara ya rasu, aka raba gado, gidan ya faɗa rabon wani ɗansa da ba a garin yake zaune ba. Zuwansa na farko ya ƙara kuɗin haya, muka yi haƙuri muka biya. Da ya sake zuwa sai ga shi da mai awo, suka shiga tsakar gida suna jan tef ko sallama ba su yi wa mata ba. Ya ce zai fasa gidan ya mai da shi ɗakuna masu banɗaki a ciki, ya ba mu zuwa Babbar Sallah. Mun je da limamin unguwa da maƙwabcina mun roƙe shi ya kai mu ƙarshen shekara, ya ce shi ma bashi ya ciyo don aikin. Ban zarge shi ba, gidansa ne.

Na zagaya neman wani wurin. In ka haɗa kuɗin shekara da na dillali da na takarda, sai ka ji kanka ya yi nauyi. Na ce da in sake zuba wannan kuɗi a aljihun wani, gara in zuba shi a ƙasata.

Ina da fili hamsin-hamsin a bayan Rigasa, na saya da kuɗin adashi da na babur ɗina da na sayar. Kwanakin baya wani abokina direban tifa ya kira ni ana rushe wani tsohon gini, na je na sayi kwano bandir uku, ƙofofin ƙarfe uku, tagogi huɗu, katakon rufi, rodi da silin, duk a kan kuɗin da bai kai na sabon kwano kaɗai ba. Suna jibge a gidan ƙanena. Saura bango. Tun da siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024 na cire rai da bulo. Sai na tuna da gidan nan na gorunan roba da aka gina a Sabon Yelwa, na taɓa zuwa na gani da idona, na shafa bangon, cikinsa da sanyi. Na fara tara gora, ɗalibaina suna kawo mini, yanzu ina da kusan dubu biyu a buhuna.

Matsalar ita ce uwargida. Ta ce ba a aurar da ita don ta kwana cikin bola ba. Mahaifiyarta ta kira ni ta ce in na rasa yadda zan yi in kawo mata 'yarta da jikokinta su zauna har in samu. Wannan magana ta tsaya mini a rai, abinci ma ba na jin daɗinsa. Hajiyata ba ta ce komai ba, addu'a kawai take yi mini.

Shin akwai wanda ya taɓa yin irin wannan gini? Zai kai ni kafin Sallah? Kuma yaya zan yi da iyali?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam ka yi haƙuri da abin da zan ce. Ka sayi kwano, ka sayi ƙofa, ka tara gora dubu biyu, sannan ka gaya mata? Ko tun farko ka zauna da ita? Domin yadda ka rubuta, limami ya san da maganar, direban tifa ya sani, yaran makaranta sun sani, ita ce ta ƙarshe. Haka maigidana ya yi mini. Sai da aka ɗora rufi ya ɗauke ni a mota ya ce zo ki ga gidanki. Na je na tarar an sa kicin a jikin masai, babu inda zan shanya kaya, taga ɗaya tana kallon zauren maƙwabta. Shekara da shekaru ina dafa abinci da wari a hancina, in na yi magana ya ce ban da godiya. Mu ne muke wuni a cikin gidan nan, ku kwana kawai kuke zuwa yi.

Injiniya:
Malam, a ajiye maganar iyali tukuna, a yi lissafi, domin lissafin ne zai raba gardamar.

Ɗaki ƙafa 12 a kan 12, tsayin bango ƙafa 10. In ka cire ƙofa da taga, bangon ya kusa murabba'in mita 40. Gorar ruwa mai santilita 75, in ka kwantar da ita ka bar wurin kwaɓi tsakaninta da 'yar'uwarta, murabba'in mita ɗaya yana cin 100 zuwa 120. Ɗaki ɗaya ke nan gora dubu huɗu zuwa biyar. Ɗaki biyu masu haɗa bango ɗaya, dubu bakwai zuwa takwas. Ba a sa banɗaki ba, ba a sa kicin ba, ba a sa katanga ba. Kai kana da dubu biyu, kuma na tabbata tunda yara ne suke kawowa, akwai ta lemo, akwai ƙarama, akwai mai lita ɗaya da rabi, akwai wadda ba ta da murfi. Layi ɗaya ba ya karɓar gora iri biyu, bangon zai karkace.

Kowace gora sai an tankaɗe busasshen yashi, an ɗura, an daddaƙe da sanda har ta zama ba ta lotsawa in ka taka, sannan a murɗe murfi. In ka ba kowace minti uku, gora dubu takwas awa 400 ke nan, kuma yashin ya doshi tan goma. Wa zai ɗura maka? Kai kana aji da safe.

Gidan Sabon Yelwa da ka gani, a 2011 aka fara shi. Wata ƙungiya mai zaman kanta, DARE, ce ta yi, da taimakon wani Bajamushe, Andreas Froese, wanda ya daɗe yana irin wannan gini a Honduras. Sun samo gora daga otel-otel da ofisoshin jakadanci, suna da matasa da aka koya wa aikin, sun zuba fandisho na kankare, sun ɗaure wuyan gorunan da igiya layi bayan layi. Aikin ƙungiya ne, ba aikin mutum ɗaya da albashin firamare da wa'adin mai gida a wuyansa ba. Bangon ɗakunan nan biyu, da bulo, kusan 750 ne zai tashe shi, birkila biyu su gama a 'yan kwanaki. Ka ajiye tunanin gora, ka sayi bulo inci shida, ka gina ɗaki ɗaya mai kyau.

Mai tambaya:
Na gode Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Amma ɗaki ɗaya ba zai ɗauke mu ba, ina zan kai Hajiya? Batun ɗurawa kuma na yi tunaninsa. Hutun makaranta yana tafe, ga ƙannena, ga yaran unguwa. Gorar ma kyauta nake samu, ba saye nake yi ba. Maman Ilham, na gaya mata tun ranar da na dawo daga Sabon Yelwa, dariya ta yi, ta ɗauka wasa nake.

Mai Kunun Aya:
Kyauta? Malam a wace Kadunar? Mu da muke sana'ar kunun aya da zoɓo saye muke yi, kuma kullum tsada take ƙarawa. Da yara ne suke kawo mana har gida, yanzu 'yan jari bola sun riga mu, suna aunawa a kilo suna kai wa masu niƙa roba. In an yi biki ko taron siyasa sai ka ga ana kokawa a kan gora kafin a naɗe tabarmi. Jiya sai da na rage kwano ɗaya na aya saboda ban samu abin zubawa ba, ga kuɗin sukari, ga ƙanƙara, ga wuta babu. Dubu biyun farko ka samu don yara suna jin kunyar malaminsu. Sauran dubu shidan sai ka sa hannu a aljihu. Kuma in ka fasa, don Allah ka tuna da ni, zan saya.

Baba Magini:
Ɗana, ni ban yi boko ba, jikana ne yake rubuta mini. Tun ina saurayi nake riƙe da cokalin gini. Injiniya ya yi gaskiya a kan gora, amma da ya ce bulon siminti ko ba komai, nan muka rabu. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka fa? In filinka jar ƙasa ce mai ɗan birji, ramin masai da na sokawe da za ka haƙa ko ta yaya, su za su ba ka rabin bulonka. A kwaɓa da ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana ya ruɓa, a buga a akwati, a shanya. Ka yi fandisho da bulon siminti, ka tashe shi layi uku ko huɗu sama da ƙasa, ka shimfiɗa baƙar leda don kada danshi ya hau, sannan ka ɗora na ƙasa. Ka saki bakin kwano ya leƙo da kyau ta kowane ɓangare, musamman gabas inda ruwa yake bugowa. Ginin ƙasa hula yake so da takalmi, in ka ba shi su biyun zai ga jikokinka.

Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da me aka ɗaure bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da suka riƙe rufin? Ƙasa ce da azara, sun fi shekara ɗari suna tsaye. Amma ka yi sauri. Sallar bana da ruwa za ta zo, bulon ƙasa kuwa rani yake so. In hadari ya fara haɗuwa ba ka buga ba, to sai baɗi.

Injiniya:
Baba, da girmanka, amma a daina kawo masallacin Zariya. Wancan aikin gwanaye ne, sarki ya sa aka yi, aka kuma riƙa kula da shi. Gidajen ƙasa nawa ne suka zube a Jigawa a ambaliyar 2022? Sannan in ka yi wa bangon ƙasa filasta ta siminti, damina biyu ta ɓamɓare, domin ba sa kama juna. Wa yake dafa makuba, yaɓen gargajiya na ɓawon ɗorawa, yau a Rigasa? Ban hana ƙasa ba in za a gauraya ta da siminti kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a matse da inji, wannan bulo ne na gaske. Amma na akwati da ciyawa, ban sa hannu ba.

Baba Magini:
Waɗanda suka zube, ruwa ne ya kwanta a gindinsu kwana da kwanaki. Na siminti ma da ake bugawa yanzu, buhu ɗaya a fitar da bulo hamsin, in ka matsa da yatsa ya marmashe, shi ruwa yana jin tsoronsa ne? Filasta kuma ana kafa ƙusoshi a ja wayar kaji kafin a yaɓa, tana zama. Na yi ba sau ɗaya ba.

Abu Hanan:
Maganar bulo hamsin ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni magini na ba amana, na sauke masa siminti na tafi aiki. Ashe da yamma yana ɗaura buhu biyu a babur. Sai da katanga ta tsage daga sama har ƙasa wani lebura ya gaya mini. Na kai ƙara wajen mai unguwa, aka ce in yi haƙuri yana da iyali. Ni ba ni da iyalin? Har yau ina biyan bashin banki a kan gidan da ban shiga ba. Malam duk abin da za ka gina, ka ɗauki kujera ka zauna a wurin, ko ɗan'uwanka ne kada ka yarda.

Ɗan Panteka:
A bar ni in yi magana a kan kayan da ya saya, domin sana'ata ke nan, a Panteka, kasuwar tsofaffin kaya, na girma. Malam ka yi dace da kwano. Kwanon da ya fi na yanzu kauri nesa ba kusa ba, na yanzu iska mai ƙarfi tana naɗe shi. Abin da za ka yi, ka ɗaga kowane falle ka kalli rana ta cikinsa. Hujin ƙusa ba matsala ba ne, a kan tudu yake, kafinta zai daidaita katako ya sake bi ta nan, wanda ya rage a toshe da kwalta da ƙyalle ko a like da dalma. Wanda ka ga haske yana tsiyayowa ta ƙananan huji a cikin kwarin, tsatsa ta ci shi, ka ware shi don kicin ko ɗakin awaki. Ka goge sauran da burushin ƙarfe ka shafa jan fenti. Katako ka ƙwanƙwasa, in ya yi ƙarar fanko ko gari yana zuba, gara ta riga ka. Mai kyau ka zare tsofaffin ƙusoshi ka shafe shi da maganin gara ko baƙin mai. Ƙofofi da tagogi kuwa ba su da laifi ko kaɗan, mai walda ya gyara maƙulli da fata, shi ke nan. Rabin gidajen talakawa a garin nan da kayanmu aka rufa su.

Injiniya:
Kwano da ƙofa na yarda. Rodi fa? Rodin da aka fasa kankare aka zaro, aka miƙar da guduma ko aka gasa a wuta, ya riga ya gaji. Ka sa shi a linta, ba za ka ga komai ba sai ranar da ya tashi karyewa, kuma yara ne a ƙarƙashi. A yi ƙarfen taga da shi, a yi ƙofar kaji, amma ban da abin da zai ɗauki nauyi.

Ɗan Panteka:
Injiniya ba bene zai gina ba. Lintar ƙofa mai ƙafa uku ce. A lanƙwasa ɗaya a gani, in bai tsage a gwiwar ba lafiyarsa ƙalau. Ku dai kun saba da aikin gwamnati, komai sai sabo.

Anti Nas:
Ni silin ɗin ne ya tsaya mini, kowa ya wuce shi. Malam, wane iri ne? In farantai ne masu launin toka, masu nauyi, masu karyewa kamar ƙashi, daga tsohon gini, akwai yiwuwar na asbestas ne. Muddin yana manne ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Haɗarin yana wajen fasawa, yankawa da zarto, hudawa da ƙusa. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, tana jawo ciwon huhu da kansa, kuma ba ya nunawa sai bayan shekara ashirin ko fiye. Ƙasashe da yawa sun haramta shi saboda haka. Kada ka bar yara su yi wasa kusa da inda ka jibge shi, kada a share wurin da tsintsiya a bushe, a yayyafa ruwa tukuna. Ni da za ka ji tawa, ka haƙura da shi, ka zauna babu silin har Allah ya hore.

Mai tambaya:
Anti irinsa ne, amma yawancinsu lafiyayyu ne ba su fashe ba. A irin wannan silin muka tashi a gidan mahaifinmu, a ajin da nake koyarwa ma shi ne, ba mu ga komai ba. Kwano babu silin a watan zafi, Hajiya tana da hawan jini, ba za ta iya ba. Zan ce wa kafinta ya bi a hankali. Game da rodi, ba wanda aka gasa ba ne. Gobarar ta ɗaya ɓangaren ta ci, ni daga wanda wuta ba ta kai ba na ɗiba.

Injiniya:
Gobara? Malam, yanzu kake faɗin ginin gobara ya yi? Innalillahi. Kana wurin lokacin da aka ware na wannan ɓangare da na wancan? Masu rusau tuli ɗaya suke yi. Ƙarfen da ya sha wuta sosai ba a yarda da ƙarfinsa sai an gwada, kwanon da ya sha wuta kuma farin rufinsa ya ƙone, damina ɗaya zai yi ja. Tun ɗazu muna ta zuba shawara a kan abin da ba mu sani ba. Ka gaya mana duka: nawa ne a hannunka, filin yana da takarda, kuma a tudu yake ko a kwari? Na san bayan Rigasa, akwai wuraren da ruwa yake bi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, daga Nijar nake bin zancen. Malam kada a karya maka gwiwa gaba ɗaya. A sansanin 'yan gudun hijirar Sahara ta Yamma da ke Tinduf a Aljeriya, wani saurayi, Tateh Lehbib, ya gina ma kakarsa ɗaki zagayayye da gorunan roba bayan ruwan 2015 ya rusa gidajen ƙasa, daga baya hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da kuɗi aka gina 25. Kowane ya ci gora wajen dubu shida. To abu ne mai yiwuwa. Sai dai can hamada ce, kuma sun yi masa yaɓe ciki da waje, don rana tana cinye roba in an bar ta a fili. Mu nan kuma akwai ginin da ba katako ba kwano, da bulon ƙasa ake rufe ɗakin ya yi ƙubba, an horar da magina da yawa a kansa. Amma ruwan Kaduna ya fi namu nesa, ban ce ka kwaikwaya ido rufe ba. In ka yi yaɓe mai kyau, wa zai san gora ce a ciki? Wataƙila uwargida hoton da gindin gora yake leƙowa ta gani.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri ɗan'uwa, kai ka fahimce ni. Abin da nake ta gaya mata ke nan, in an yi filasta an shafa fenti babu mai ganewa. Ta ce unguwa duk an ga yara suna kai mini buhunan gora, ko zinariya na shafa sunan gidan ya riga ya fita.

Hajiya Babba:
Ɗana, ta faɗi gaskiya, kuma ba girman kai ba ne. Kana da 'ya'ya mata. Gobe mai neman aure zai zo, a ce masa ka bi nan ka tambayi gidan gora. Mu mata mun san abin da baki yake yi. Ni ina ganin ka karɓi tayin surukarka, ba zagi ba ne, uwa ce take jin tsoro. Su zauna can wata uku ko huɗu, kai da Hajiyarka ku raɓa wajen ƙanenka, ka gina abinka a natse da bulo ko da ƙasa. Ni da aka tashe mu daga gidan haya da goyo a bayana, babu wanda ya ce mini zo. Dangin mijina suna da gidaje a garin, kowa ya kawar da kai. A shagon wani bawan Allah muka yi damina, ina tare ruwa da bokiti. Kai ka samu mai cewa kawo su, kana jin haushi.

Mai tambaya:
Hajiya na gode, amma ba zan iya kai iyalina gidan surukai ba ina da rai da lafiya. In na kai su, da wane ido zan je ɗauko su? Kuma ba ku san mahaifiyarta ba, tun farko ba ni ta so ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Tambaya ɗaya ba a yi ba. Kayan nan, a hannun mai ginin ka saya ko a hannun yaran da suke rusau? Domin sau da yawa mai abu bai sani ba ake sayarwa ta bayan fage. Gidan da za ka yi sallah a ciki, ka tabbatar da halaccin ƙofarsa. Sannan ka yi istihara, ka sa ita ma ta yi.

Abu Hanan:
Kuma maganar takarda da Injiniya ya yi, kada ka yi wasa da ita. Ƙanin matata dillali ya sayar masa da fili, ya kai linta, sai ga wani da tasa takardar, hannun mai unguwa ɗaya a jikin duka biyun. Ka je KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, a duba maka matsayin filin, ka je KASUPDA, hukumar tsara birane, ka ji abin da ake bukata kafin ka haƙa rami. Ka tambaye su ma ko suna amincewa da zanen bangon gora.

Mai tambaya:
A hannun wanda aka ba kwangilar rushewa na saya, a gaban mutane, da rana tsaka. Fili kuma ina da takardar ciniki da shaidu, maƙwabtana duk da irinta suka gina, ba wanda ya taɓa su. In na tsaya bin ofis-ofis Sallah za ta same ni a titi. Na ji shawarar kowa kuma na gode. Abin da nake gani yanzu, zan yi fandisho da bulon siminti kamar yadda Baba ya ce, ɗakin Hajiya in yi shi da ƙasa, namu in yi da gora, tunda na riga na tara, ba zan zubar da wahalar yaran nan ba. Na yi magana da mai tifa zai kawo yashi ranar Asabar. Don Allah in akwai wanda ya san wani daga cikin matasan da suka yi aikin Sabon Yelwa, ya haɗa ni da shi ta hannun admin.

Injiniya:
Bango biyu iri daban a kan fandisho ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya gora, ba za su zauna tare ba, a mahaɗarsu zai tsage. Wannan ya fi duk abin da ka faɗa a baya haɗari. Kuma har yanzu ba ka amsa ba: tudu ne ko kwari? Nawa ne a hannunka?

Baba Magini:
In aka tashi ginshiƙi a mahaɗar aka ɗaure sama da linta zagaye, zai zauna. Ɗana ka ɗebo ƙasar filin a leda ka kawo mini in murza in gani, ina Rigasa ranar Juma'a.

Maman Ilham:
Ka ce za ka yi wa Hajiya na ƙasa, naku na gora. Wato ita da ta ce ba ta so, ita za a sa a ciki. Ka gaya mata wannan sabon tsarin, ko sai tifa ta sauke yashi?

Ɗan Panteka:
Malam in Injiniya ya tsorata ka da rodin, kada ka bari ya kwana a ruwa. Ka turo hotonsa ta wajen admin, milimita nawa ne, guda nawa, zan saya a kilo. Tagogin ma in za ka rage biyu ina da mai so.